Lalacewar Ƙafafun Ƙananan Jiragen Sama a Filayen Marmara na Ƙasar Adar

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke kassara ƙafafun ƙananan jirage a yankin Madawa, Buza da Keita, ta kuma ɗora kaso mafi tsoka na laifin a kan ƙura.

Waiwaye

Rubuce-rubucen Amurka sun fi karkata ga mantuwar matuƙi: ya manta bai sauke tayoyi ba, jirgi ya sauka da ciki. Wannan bayani ya dace da jirage irin Cessna 210, masu naɗe ƙafafu bayan tashi, da filaye masu kwalta. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: jirgin da ƙafarsa ba ta naɗewa, kamar Cessna 206, shi ma ƙafar tana ba da matsala, alhali babu abin da matuƙinsa zai manta.

Hanyar Bincike

An auna yadda ƙafar jirgi ke aiki da yanayin ƙasar Adar-Dutsi-Maggiya, aka ɗauki filin Galmi a matsayin misali mafi kusa, inda ƙananan jiragen ƙungiyar SIM ke hidimar asibitin da aka buɗe a 1950.

Sakamako

Ƙafar gaba ce uwar matsala. Sanda ce mai santsi da ke shiga da fita cikin bututu mai ɗauke da mai da iskar naitirojin, zoben roba kuma ya tsare bakinsa. Da hunturu, ƙura kan manne wa ɗan maiƙon da ke jikin sandar, ta zama tamkar yashin goge ƙarfe. Duk sauka sai sandar ta shige da shi ciki ya kankari robar. Alamar farko baƙin zobe ne a jikin sandar, wanda yatsa zai iya sharewa. Daga nan mai ya fara tsatsa, hancin jirgi ya sunkuya, farfela ta matso ƙasa tana tsintar tsakuwa. Ranar da tayar ta faɗa rami, ƙarfe ne zai daki ƙarfe.

Damina na ƙara nata. Zaizayar da ta sa aka kafa aikin raya karkara na Keita a 1984 ita ce ke tsaga fili bayan ruwan dare ɗaya. Zafin bazara kuma yana sirantar da iska, jirgi ya taɓa ƙasa da gudu fiye da kima, ga ƙayar aduwa na jiran taya.

Iyakar Bincike

Ba a haɗa da manyan jirage ko filin Tawa mai kwalta ba, kuma hujjar ta tsaya kan aikin ƙarfe da yanayin ƙasa. Wannan bai rage mata nauyi ba.

Kammalawa

A goge sandar da tsumma mai tsabta kafin kowane tashi, a kuma sa mutum ya taka filin da ƙafa bayan kowane ruwan sama. Jadawalin duba roba da aka tsara don filayen kwalta ya kamata a gajarta shi a Adar.