Tsohon Ƙahon da Ya Ƙi Bin Sahu



Duk wanda ya halarci sujadar Kirsimetin bara a majami'armu ta nan Daudawa ya ji abin da ya faru lokacin baiko. 'Yan badujalarmu sun ɗauki waƙa, sai murya ɗaya ta riƙa yin sama ita kaɗai kamar akuyar da ta ɓace wa garke. Mata suna rufe baki da mayafi, yara kuwa dariyarsu suke yi a fili. Mu da muke riƙe da ƙahoni mun san ko wane ne, kuma tun kafin addu'ar rufewa mun yanke masa hukunci: yaron nan ba shi da kunne. Ɗan ɗaya ne daga cikin iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan bakin daji, wajen Faskari da Sabuwa. Cikin ɗan abin da suka iya ɗaukowa har da wani tsohon ƙaho na ikilisiyarsu, irin wanda ake kira konet, duk ya lotse, an naɗe shi a zane. Bayan wannan rana bai ƙara zuwa atisaye ba.

Ashe laifin ya girme shi, ya girmi mahaifinsa ma. Sai mun koma baya kafin a gane.

Busa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi kuwa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kakaki ya fi mutum tsawo, ba shi da rami ko madanni, sautinsa kusan biyu ne kacal, na ƙasa da na sama, da su yake kiran kirarin sarki. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Katsina ya ga yadda mabusa ke jerawa su ɗaga kakaki tare. Ba su da wata na'urar saiti. Leɓe ne da kunne, da shekarun da yaro ya yi yana tsaye kusa da mahaifinsa yana ji.

A Littafi Mai Tsarki ma ƙaho tsohon ma'aikaci ne. A Littafin Ƙidaya sura 10 an umarci Musa ya ƙera ƙahoni biyu na azurfa. In an busa duka biyun, dukan jama'a za su taru; in ɗaya aka busa, shugabanni ne kaɗai ake kira. Amma wurin da ya fi ba mu mamaki, mu mabusa, shi ne 2 Tarihi sura 5, ranar da aka shigar da akwatin alkawari cikin haikalin da Sulemanu ya gina. Firistoci 120 ne suka busa ƙaho, ga Lawiyawa mawaƙa da kuge da molaye, marubucin kuma ya ce abin ya fito kamar murya ɗaya, sa'an nan girgije ya cika haikalin har firistoci suka kasa ci gaba da hidima. Mu takwas ne a badujalarmu, mun kuma san gumin da ake yi kafin takwas su zama ɗaya. To, ina ga 120?

Irin ƙahonin da muke busawa yau ta hanya biyu suka iso mana. Ta farko bariki ce: rundunar da Lugga ya kafa a 1897 da begila take tashi, da ita take kwanciya, kuma Hausawa da yawa a can suka koyi busa. Ta biyu ita ce Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a birnin Gilasgo ranar 4 ga Oktoba 1883. Ta shigo Legas a 1908, daga baya ta hauro Arewa tare da ikilisiyoyi, da faretinta da ganguna da begila. Begila 'yar'uwar kakaki ce, sauti biyar ko makamancin haka take bayarwa. Madannai uku da ke kan konet, waɗanda Jamusawa suka fara ƙirƙiro irinsu wajen 1815, su ne suka ba ƙaho damar bin kowace waƙar da ke cikin littafin waƙoƙinmu. Kowane madanni ƙara wa iska tsawon hanya yake yi, bututu kuwa in ya ƙara tsawo sai murya ta sauka.

A nan ne rigimar take. Turawan da suka ƙera kayan nan su kansu sun daɗe ba su yarda da juna ba a kan inda murya za ta tsaya. Sautin da ake saita kaya da shi, wanda ake kira A, ana auna shi da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Faransa ta kafa doka a 1859 ta ce 435. A Ingila kuwa ya haura har wajen 452, mawaƙa suna ta kukan maƙogwaronsu. Sai a 1939 aka yi taro a Landan aka tsaya a kan 440, wanda shi ne duniya ke bi yau. Amma badujalar ma'aikatan masaƙu da mahaƙan kwal na Ingila, da ta ƙungiyar Salvation Army, suka ci gaba da tsohon saitinsu na sama, don sauya kayan ƙungiya gaba ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai da masu ƙera kayan suka daina yin irin na sama a 1964 sa'an nan aka sauko dole. Wasu ƙahonin aka ƙara musu bututu, wasu suka shiga gwanjo.

Tsakanin 440 da 452 kamar ba komai. A kunne kuwa kusan rabin tazarar da ke tsakanin mi da fa ne, wato bai kai wani sauti dabam ba, bai kuma zauna a kan na 'yan'uwansa ba. In ƙahoni biyu suka saɓa haka, za ka ji muryar tana rawa, sau goma sha biyu a daƙiƙa, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba.

Wani dattijon ikilisiyarmu, wanda ya yi ritaya daga badujalar soja, shi ya warware mana. Da kansa ya taka har gidan da yaron ke zaune. "Ɗana, ɗauko mini ƙahon nan." "Ga shi, Baba, amma ni na bar busa." Baba bai tanka ba. Ya goge bakin ƙahon, ya busa a gaban manhajar saiti da ke cikin wayar jikansa, allura ta tafi sama ta tsaya. Ya ja babban bututun saiti har ya kusa fita, sautin da ba a danna komai ya zauna daidai. Da ya danna madannai, sai ya sake hawa, domin ƙananan bututun su ma gajeru aka ƙera su. Mutumin da ya yi shekaru yana busa wa manyan hafsoshi ya kasa sa ƙahon nan ya bi sahu. Tsohon saitin Ingila ne. A ƙauyensu duk kayan irinsa ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin wani aibu. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, Baba ya ce yaron ya daɗe yana sassauta leɓe yana jan muryar ƙasa iya ƙarfinsa don ya same mu. Wato yana jin bambancin sarai. Mu ne ba mu ji wahalar da yake sha ba.

Tun daga nan Baba ya karɓi atisayenmu, ya kuma nuna mana cewa namu sababbin kayan ma ba waliyyai ba ne. Da sanyin hunturu ƙaho yakan sauka, in ya ɗumama a hannu ko rana ta buga kwanon majami'a sai ya hau, don haka ba a saiti sai an hura masa iska ya yi ɗumi. In ka danna madanni na ɗaya da na uku tare, sautin yakan ɗan hau, sai ka tura ƙaramin bututu da yatsa. Mai riƙe da mi a cikin do, mi, so, dole ya ɗan sauko kaɗan kafin muryoyin uku su kwanta. Daga babban ƙahon bas ake ɗaukar saiti, ba daga mai jan waƙa ba, abin da bai yi wa wasunmu daɗi ba. Ya ce kuma in kana jin muryarka fiye da ta na kusa da kai, ka yi ƙarfi ke nan, ko da saitinka daidai ne. Yakan sa mu riƙe sauti ɗaya, biyu biyu, har rawar nan ta ragu, ta ragu, ta ɓace. Ranar farko mun yi minti arba'in ba mu busa waƙa ko ɗaya ba.

Zumuntar matasa ta je gidan su yaron ta roƙi gafara, mahaifiyarsa ta ce ba komai, shi kuwa ya ɗauki mako uku kafin ya dawo. Yanzu yana busa konet na aro. Tsohon kuwa mun so mu kai wa maƙerin farfaru a Funtuwa ya ƙara masa bututu, amma dattawan ƙauyensu suka ce a bar shi yadda yake, domin sauran 'yan'uwansa suna can a kulle cikin akwati a majami'arsu, kuma suna sa zuciya za su koma. Yana nan a ofishin fasto, a naɗe cikin zanen da ya zo da shi.