Ƙofa Mai Lamba 3306

Duk wanda ya san Wudil a lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke shirin kare ayyukansu na kammala digiri ya san wani irin zama da ake yi a shagunan buga takardu na hanyar Gaya. Za ka tarar da saurayi ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a cinya, abokai biyu ko uku sun sunkuya a kansa, kowa na ba da shawara, allon kuwa na nuna jan rubutu da ke cewa rumbun bayanai ya mutu ba zato. A bara ƙanena na cikin masu wannan zama. Ya shafe watanni yana gina manhajar da za ta riƙe lissafin kantin magani, wato kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi. Saura kwana uku ya tsaya gaban malamai aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Da ya kira ni abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, rumbun ya ƙi tashi.”

Ni aikin jarida na karanta, ba ni da abin da zan ce masa a daren sai haƙuri. Amma tambayar ta zauna mini: me ya sa manhajar da bankuna da kamfanonin jiragen sama ke dogaro da irinta take gagarar ɗalibi girkawa a kwamfutar ɗakinsa? Da na bi sawu sai na tarar kusan kowane saƙon kuskure da ke fitowa a allon nan yana da shekarar haihuwa da garin da aka haife shi.

A fara da abin da ake nufi da rumbun bayanai. Ranar Juma'a a karar shanu ta Wudil, ana iya riƙe lissafi ta hanya biyu. Ko dai malami ya rubuta kowane ciniki a layi guda, da sunan mai shanu da garinsu da dillalinsa da kuɗin da aka biya, ya riƙa maimaita su duk lokacin da mutumin ya sake sayarwa; ko kuma ya ware littafi na masu shanu, da na dillalai, da na ciniki, ya ba kowane mutum lamba, ta yadda a littafin ciniki lambar kawai zai rubuta. Hanya ta biyu ita ce, a taƙaice, shawarar da Edgar Codd, wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a San Jose ta Amurka, ya wallafa a watan Yuni na 1970. Ya ce a zuba bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, mai tambaya ya faɗi abin da yake so, na'ura ta nemo hanyar samo shi. A 1974 wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen yin wannan tambaya, wanda daga baya aka san shi da SQL. IBM ta yi nawa wajen kai abin kasuwa, sai ƙaramin kamfanin su Larry Ellison ya riga ta da Oracle a 1979.

Abin lura a nan shi ne irin gidan da aka gina wa waɗannan manhajoji. Manyan na'urori ne a ɗakuna masu sanyi, wuta ba ta yankewa, akwai ma'aikaci da aka ɗauka musamman don kula da rumbun, mutane da yawa kuma na aiko da tambayoyinsu daga nesa a lokaci guda. Shi ya sa rumbun bai zama manhaja irin ta rubuta wasiƙa ba, wadda za ka buɗe ka rufe yadda ka ga dama. An yi shi ne ya zauna a bayan fage dare da rana yana jiran masu ƙwanƙwasa ƙofa. Masu fassara kalmomin kwamfuta zuwa Hausa sun raɗa wa irin wannan suna uwar garke, kuma ina ganin a garin da ke da kara irin ta Wudil sunan ba ya buƙatar dogon bayani. Ɗalibin da ya girka ta a kwamfutarsa ya mayar da na'ura ɗaya ta zama uwar garke da garken gaba ɗaya, shi kuma ya zama makiyayin da ba a koya wa kiwo ba.

Wadda ɗalibanmu suka fi sani ita ce MySQL. A 1995 ta fito daga wani ƙaramin kamfani a Suwidin, wanda Michael Widenius ɗan Finland ya kafa da David Axmark da Allan Larsson, kuma sunan 'yar Widenius, My, aka sa mata. Kyauta ce, ba ta da nauyi, ta kuma zo daidai lokacin da shafukan intanet ke yaɗuwa. A 2008 kamfanin Sun ya saye ta a kan kusan dala biliyan ɗaya, a 2010 Oracle ya haɗiye Sun ɗin. Widenius bai amince da inda aka dosa ba, tun 2009 ya ɗebi tushen manhajar ya fara wata mai suna MariaDB, wannan karon da sunan ƙaramar 'yarsa. Wannan rigimar gado ta iso har Wudil ba tare da an sani ba. Tarkacen manhajoji da ake kira XAMPP, wanda wasu Jamusawa biyu suka fara haɗawa a 2002 don sauƙaƙa wa masu koyo, ya koma amfani da MariaDB tun 2015, amma maɓallin da ke allonsa har yau MySQL yake cewa. Ɗalibi sai ya yi ta neman magani a littafin wata manhaja alhali wata ce ke kwance a kwamfutarsa. Su biyun suna kama da juna kamar 'yan uwa, amma shekaru sun raba halayensu.

Shekarar da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil ta fara karatu, 2001, ita ce shekarar da Windows XP ta fito. Jami'ar, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, ta taso ne a zamanin da kwamfutar ɗalibi kusan kullum Windows ce ke kanta, galibi ta hannu da aka sayo a Kano. Su kuwa rumbunan kyauta a gidan Unix da Linux suka yi wayo. PostgreSQL, wadda asalinta aikin Michael Stonebraker ne a jami'ar Berkeley, sai a 2005 ta samu zubin da ke tafiya kai tsaye a kan Windows. Baƙo kuwa ko ya daɗe a gari akwai al'adar da za ta riƙa ba shi wuya.

Rikicin da ya fi yawa na ƙofa ne. Tun da aka koma tsarin sadarwa na TCP/IP a farkon 1983, kowace manhajar da ke sauraron baƙi tana zama ne a bakin ƙofa mai lamba, kuma manhaja biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Ta MySQL ita ce 3306, ta PostgreSQL 5432, ta SQL Server na Microsoft 1433, ta shafukan intanet kuma 80. Yadda abin ke faruwa sananne ne. A aji biyu malami ya sa an girka MySQL ita kaɗai, ta yi rajista a Windows a matsayin mai tashi da kanta duk lokacin da aka kunna na'ura, ɗalibi ya ci jarrabawa ya manta da ita. A aji huɗu ya girka XAMPP, sabuwar ta zo ta tarar da tsohuwar zaune a 3306, sai ta faɗi. Babu abin da ya lalace. Ko dai a tsayar da tsohuwar daga jerin ayyukan bayan fage na Windows, ko a ba sabuwar wata lamba, 3307 misali. Waɗanda suka yi karatu shekaru goma sha da suka wuce za su tuna cewa tsohon Skype ma yakan tare ƙofa ta 80, har ya zama shawarar farko da ake ba kowa ita ce ya kashe shi.

Sai kuma ragowar tsohon zama. Mutum ya cire MySQL yana ganin ya share ta, alhali bayananta da tsohuwar kalmar sirrinta suna nan a wata ɓoyayyiyar folda mai suna ProgramData, da gangan kuma aka bar su, don a wurin da aka ƙera manhajar goge bayanan banki saboda an cire manhaja babban laifi ne. Ya sake girkawa, a tambaye shi kalmar sirrin da ya sa shekara biyu baya. Akwai kuma ƙananan fayilolin Visual C++ na Microsoft da manhajar ke jingina da su, waɗanda sau da yawa babu su a kwamfutar da aka yi wa sabon zubi a shago. Da kuma shingen izini da Windows Vista ta kawo a 2007, wanda ya sa XAMPP ke gargaɗin kada a girka shi cikin Program Files. Duk waɗannan, manhajar kan rubuta dalilin faɗuwarta a fayil ɗin rahoton kuskure. A zaman shagon nan ban cika ganin mai buɗe shi ba, kowa ya fi gaskata abokinsa.

Matsalar ƙanena ta fi waɗannan nauyi, domin ta wuta ce. Injin da ke rubuta bayanai a cikin MySQL, InnoDB, wanda Heikki Tuuri ɗan Finland ya ƙera, yana aiki ne kamar malamin kara mai tsantseni: kafin ya taɓa babban littafi sai ya fara rubuta abin da zai yi a ƙaramin littafin aljihu, ta yadda in an katse shi zai duba ya ƙarasa ko ya soke. Yawancin lokaci wannan dabara na fitar da shi. Amma an tsara ta ne don haɗarin da ke faruwa jefi-jefi, ba don garin da har yanzu ake cewa NEPA ta ɗauke wuta ba, shekaru bayan an rushe NEPA a 2005 an kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013. In katsewar ta yawaita a kan tsohon faifai, wata rana ɓarnar kan faɗa kan ƙananan jadawalin da rumbun ke ajiye sunayen masu izinin shiga, sai ya ƙi tashi, ko da yake bayanan mai aikin suna nan lafiya. A nan ne shawarar abokai ke yin kisa. Akwai wani fayil mai suna ibdata1 da ake yawan cewa a goge shi rumbun zai tashi. Yakan tashi kuwa, amma a cikin fayil ɗin ne injin ke riƙe bayanin jadawalinsa, don haka sai ka ga sunayensu a jere, ka taɓa a ce maka babu su. Wani abokin ƙanena ya ba shi wannan shawara da ƙarfe ɗaya na dare, shi kuma ya bi.

Wani injiniya a Amurka, Richard Hipp, ya gaji da irin wannan dogaro da uwar garke tun 2000, lokacin da yake rubuta manhajar wani jirgin ruwan yaƙi wadda kan tsaya cak duk sa'ad da rumbunta ya faɗi. Sai ya rubuta SQLite, rumbun da ba ya buƙatar girkawa ko ƙofa, fayil ɗaya ne kawai. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, a cikinsa ma WhatsApp ke ajiye saƙonni. A ganina rabin ayyukan ɗaliban da ke kwana a kan 3306 da shi ya kamata a yi su, musamman na kantin da kwamfuta ɗaya ce tak a cikinsa. Na fahimci malamin da zai ce kasuwar aiki uwar garke take tambaya, yana da hujja. Sai dai in haka ne, ya kamata kula da ita ya zama darasi mai zaman kansa, ba abin da za a bar wa daren ƙarshe ba.

An yi sa'a fayil ɗin bai wuce kwandon shara na Windows ba. Washegari wani ɗan ajinsu da ya taɓa ƙonewa da irin wannan wuta ya fara da kwafe foldar bayanan gaba ɗaya zuwa filashi, sannan ya mayar da fayil ɗin wurinsa, ya maye jadawalin izinin da suka lalace da sababbi daga foldar ajiya da ke zuwa tare da manhajar. Rumbun ya tashi, magunguna da lissafinsu suka dawo.

Da suke duba jerin masu bashi ne suka lura da wani abu da ya daɗe a wurin ba su kula ba. Ɗanladi ya zama ?anladi, Ƙasimu ya zama ?asimu. Wannan ba aikin wuta ba ne. Shekaru da dama, in ba ka zaɓi wani abu ba, MySQL kan ajiye rubutu ne da tsarin haruffan Yammacin Turai, ta kuma jera su bisa ƙa'idar harshen Suwidin, garin da aka haife ta; sunan tsarin ma latin1_swedish_ci. Babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa, don haka duk wanda ya shigo sai a maye shi da alamar tambaya, asalin harafin kuma ya tafi ke nan. Sai a zubi na 8.0, a 2018, MySQL ta mayar da utf8mb4, mai ɗauke da haruffan harsunan duniya, ya zama na farko. Jadawalin ƙanena daga wani tsohon samfuri ya kwafo su. Ya sauya tsarin cikin minti biyu, sannan ya ɗauko littafin bashin kantin ya zauna yana sake buga sunayen ɗaya bayan ɗaya har aka kira sallar la'asar.