Naman Barewa a Tukunyar Bahaushe: Daga Farauta zuwa Banda

Farauta tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, jagoran mutanen Dala, a matsayin ƙaƙƙarfan mafarauci mai kashe giwa da sanda. A garuruwa da dama maharba suna da shugabansu, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. A da, da rani bayan an gama girbi, akan yi gangami da ganga da karnuka a shiga daji, a komo da barewa, gada, mazo, wani lokaci har gwanki.

A wancan zamani maharbi yakan shafa wa kibiyarsa dafin da aka haɗa da kwankwani, don haka da zarar dabba ta faɗi sai ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar. Da Musulunci ya kafu, malamai suka karantar da hukuncin farauta daga littafin Risala: a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko kare, kuma dabbar da aka riska da rai sai an yanka ta.

Da yake a da babu hanyar sanyaya nama, sai aka dogara da banda. Akan shanya yankakken nama bisa wuta mai hayaƙi har ya ƙyafe, ya daɗe bai lalace ba. Naman barewa ba shi da kitse, ga tauri, shi ya sa matan gida suke jiƙa banda a ruwan zafi, su dafa ta a hankali da 'yar kanwa. Daga nan ta shiga miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da daddawa, a ci da tuwon dawa ko na gero. Ɗanyen naman kuwa akan yi farfesu da shi, a zuba citta, kanumfari, masoro da kimba domin su kashe ƙarni. Wasu kan dafa shi, su kirɓa a turmi, su soya da man gyaɗa ya zama dambu.

A ƙarni na 20 bindiga da faɗaɗar gonaki suka rage namun daji ƙwarai. An keɓe dajin Yankari a 1956, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar kare namun daji a 1963. Yau a yawancin gidaje naman akuya da na rago ne ake dafawa da wannan tsohon haɗin kayan ƙamshi.