Hoton Ƙashi: Yadda Aka Gano Illarsa

A watan Nuwamba na 1895 wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken nan da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, wanda muke ce wa eksire. Hoton hannun matarsa da ya ɗauka, zobenta na maƙale a ƙashin yatsa, ya zagaye duniya cikin 'yan makonni. Likitoci suka yi caa a kan abin ba tare da wata kariya ba.

Su masu aikin ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Clarence Dally, ma'aikacin Thomas Edison a Amurka, da hannuwansa yake gwajin na'urar, har fatarsa ta ƙone, sankara ta shiga, aka yanke hannuwan biyu, ya rasu a 1904. Duk da haka, har cikin shekarun 1950 akwai shagunan takalma a Amurka da Ingila da ke haska ƙafar yaro wai don a ga ko takalmin ya zauna daidai. Kun ji fa, don takalmi!

Wadda ta fi cancantar mu san sunanta ita ce Dakta Alice Stewart ta Jami'ar Oxford. A zamaninta an saba haska cikin mai juna biyu don a ga kwanciyar ɗa. Ita kuwa sai ta shirya aka bi iyayen yaran da sankara ta kashe, da iyayen yaran da ke raye, ana yi musu tambayoyi iri ɗaya. A 1956 ta fitar da sakamako: yaran da suka mutu sun kusa ninka na rayen wajen yawan waɗanda aka haska tun suna ciki. Manyan likitoci suka yi mata musu. A 1962 wani bincike a Amurka ya goyi bayanta, amma sai da aka kwashe shekara ashirin da wani abu kafin a bar wannan al'ada. A ganinmu, taurin kai ne kawai.

Na'urar CT ta fara aiki a Landan a 1971, ta iso UCH a nan Ibadan a 1987. Ta ceci rayuka ba adadi, musamman waɗanda suka bugu a kai a haɗarin mota. Sai dai haskenta ba kaɗan ba ne: CT ɗaya na ƙirji ya kai hoton ƙirji na yau da kullum wajen saba'in. Hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan na'urori a Najeriya, NNRA, a 2001 ta fara aiki.

Mu a nan Sabo matsalarmu daban ce. Ma'aikaci zai tambayi matarmu da Turanci ko Yarbanci ko tana da ciki, ita kuma ko dai ba ta ji ba, ko kunya ta sa ta girgiza kai, balle idan surukarta ce ta rako ta. Ga kuma masu zuwa da kansu su biya a yi musu hoto, in ba su gamsu ba su sake wani wurin, ba tare da nuna na farkon ba. Sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki a wurin awo, shi da sauti yake aiki, babu wannan haske a cikinsa, haka ma MRI. Eksire da CT ne mace za ta faɗa tun a bakin ƙofa in al'adarta ta yi jinkiri, ko da ba a tambaye ta ba.