Harajin da Ke Bin Ba'amurke Duk Inda Ya Je

'Yan'uwa marubuta, yau mu leƙa tarihin haraji. Yawancin ƙasashe mazaunansu suke caja, Amurka kuwa ɗan ƙasarta take bi ko'ina yake. Tushen abin yaƙin basasa ne: dokar 1861 ta ɗora wa na gida kashi 3 cikin ɗari, na waje kashi 5, don ana ganin sun tsere wa yaƙi. A 1924 George Cook, mazaunin Meziko, ya ƙalubalanci wannan a Kotun Ƙoli, ya sha kaye. Boris Johnson ma, haifaffen Niyok, sai da ya biya harajin gidan da ya sayar a Landan. 'Ya'yanmu da aka haifa a can suka tashi a Kano, dokar ta hau kansu da zarar samunsu ya kai.