Ƙyandar Jamus Da 'Ya'yan Da Ba Su Ji Kiran Uwa Ba

Mu da muka tashi a zangon Bimbilla mun san ƙyanda, tsofaffinmu ma suna sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Amma akwai wata mai kama da ita da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato rubella, wadda ake kira ƙyandar Jamus. Ɗan zazzaɓi ne da ƙuraje, kwana uku ta wuce. Ɓarnarta tana wajen mai juna biyu: idan ta kama mace a watanni ukun farko, ƙwayar cutar kan ratsa mahaifa ta taɓa ɗan tayi, a haife shi kurma, ko da yanar ido, ko da ciwon zuciya. Na sha jin ana ɗora laifin haka a kan iska ko sammu, wani lokaci a kan uwar ita kanta.

Wanda ya fara gano asalin abin shi ne Norman Gregg, likitan ido a Sidni ta Ostiraliya. A 1941 ya lura jarirai masu yanar ido sun yi yawa, da ya bincika sai ya tarar akasarin uwayensu sun yi rubella da ƙaramin ciki. A annobar 1964 zuwa 1965, an haifi jarirai kusan 20,000 da wannan lalura a Amurka, kuma a 1969 aka fito da allurar rigakafi.

Mu a Ghana mun daɗe muna jira. Bayan ɓarkewar cutar a 1995, likitoci a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi sun tantance jarirai 18 da ta nakasa. Can babban asibiti ne mai kayan aiki. A Salaga, Yendi ko Bawku, wa zai ƙirga? Sai a Satumbar 2013 aka yi gangamin allurar ƙyanda da rubella ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, daga nan ta shiga jerin alluran jarirai.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ba a yi wa mai ciki wannan allura. Kariyarta tana ga rigakafin da ta samu tun tana yarinya, da kuma na yaran gidan da take zaune, domin sau da yawa su ke kawo mata cutar. Uban da ya hana a yi wa ɗansa allura, ya sani cewa jaririn da ke cikin matarsa ko na maƙwabciyarsa ne zai iya biyan bashin da kunnensa ko idonsa.