3.4 Daga Ƙarfen Tama zuwa Sifirin Mota: Matsalar Taurin Ƙarfe a Maƙerun Arewacin Kano

Ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, tun daga Ungoggo da Minjibir har zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, suna cikin yankin da jama'a suka yi yawa, gonaki suka matsu, har ba a barin saura. Kowace shekara sai an noma ƙasa, kuma galibin aikin da hannu ne. Saboda haka fartanya da garma da magirbi da lauje su ne jarin manomi. In bakin garma ya lanƙwashe ko ya dare a tsakiyar huɗa, an yi asarar kwanakin da damina ba ta mayarwa.

Sana'ar ƙarfe tsohuwa ce a nan. Binciken masana kayan tarihi ya nuna ana narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya, kuma tarihin baka ya danganta mazaunan farko da Abagayawa maƙera. Ƙarfen da ake samu ta wannan hanya yana da datti, sinadarin kabon da ke cikinsa bai bazu daidai ba, wani gefen ya yi tauri, wani ya yi laushi. Amma maƙeri ya san shi, domin daga rami ɗaya ake haƙo tamar, hannu ɗaya ke narka ta shekara da shekaru.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta soma sauya lamarin. Guntayen ƙarfen dogo, daga baya kuma ɓaraguzan motoci, suka fi ƙarfen tama araha da sauƙin samu, har narkar da tama ta mutu. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya bayyana yadda suka koma dogaro da irin wannan ƙarfe. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sauyin ya ɗora wa maƙeri wani sabon nauyi. Yanzu ƙarfen da yake saya a hannun 'yan gwangwan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa an narka shi ne a wata ƙasa, don wani aiki dabam, kuma ba wanda ya gaya masa abin da aka gauraya a ciki.

Bambancin kuwa ba kaɗan ba ne. Rodin gini kabon ɗinsa yawanci bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, ko an gasa shi ya yi jajir an tsoma a ruwa, taurin da zai yi kaɗan ne. Ƙarfen dogo yana da wajen kashi 0.7, ga manganis. Sifirin mota kuma sau da yawa yana da wajen kashi 0.6 na kabon da ɗan kuromiyam da bai kai kashi 1 ba. Kabon shi ke yanke iyakar taurin da ƙarfe zai iya yi. Manganis da kuromiyam da molibdinam aikinsu dabam ne, wato suna sa taurin ya ratsa har cikin ƙarfe ko da bai huce da sauri ba. Wannan ne ya sa sifiri, in aka tsoma shi a ruwan sanyi kamar yadda ake yi wa ƙarfe mara gauraye, yakan tsage, alhali in a baƙin mai ne sai ya huce a hankali, ya yi tauri lafiya. Maƙera sun gane haka ta hanyar gwaji: a saurari ƙarar ƙarfe a kan uwar maƙera, a gasa ɗan guntu a tsoma, a goga masa magagari a ga ko zai ci, ko a buga da masaba a ga ko zai karye.

Tambayar da ke gaban maƙerin Ɗambatta ita ce dai ta dami masana'antun motoci a Amurka. A 1938 Walter Jominy da A. L. Boegehold suka fito da gwajin da ake amfani da shi har yau: a gasa sandar ƙarfe mai tsawon milimita 100 da kaurin milimita 25, a fesa ruwa a bakinta ɗaya kawai, sannan a auna tauri daga bakin zuwa sama. A 1942 Marcus Grossmann ya kawo lissafin da ke ba kowane sinadari lambarsa, a ninka su a sami hasashe. Aibin lissafin shi ne ya ɗauka kowane sinadari aikinsa yake shi kaɗai, alhali suna shafar juna. Boron ma, kashi 0.002 cikin ɗari kacal yana iya sauya sakamakon.

Don toshe wannan giɓi aka koma ga manhajar kwamfuta mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1996 Vermeulen da abokan aikinsa suka buga hasashen sakamakon gwajin Jominy ta wannan hanya, Dobrzanski da Sitek na ƙasar Polan suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Ba a ba manhajar wata ƙa'ida. Ana loda mata ɗaruruwan gwaje-gwajen da aka riga aka yi, kowanne da adadin sinadaransa da taurin da aka auna, tana gyara kanta har hasashenta ya kusanci gaskiya. Ta wannan fuska ta fi kama da ɗan maƙera da ya tashi a gindin zugazugi fiye da lissafin Grossmann, har da rauninsa, domin in aka kawo mata ƙarfen da ya fita daga irin waɗanda ta koya da su, hasashenta ba abin dogara ba ne.

Sai dai manhajar tana bukatar a gaya mata adadin kowane sinadari tukuna, wanda sai da na'urar awo mai tsada ake saninsa, kuma wannan shi ne ainihin abin da maƙerin ƙauye ya rasa tun da ya bar tama. Ga shi kuma bakin lauje ko na fartanya siriri ne, zurfin tauri ba shi ne babbar damuwa ba kamar a gatari ko masaba, damuwar ita ce tsagewa. Abin da sakamakon irin wannan bincike zai fi amfanar maƙerun yankin da shi bai wuce jadawali mai sauƙi da Hausa ba, wanda ya nuna sifiri da ƙarfen dogo da rodi da gindin gatarin mota, wanne ke son ruwa, wanne ke son mai, wanne kuma bai cancanci a ɓata masa gawayin ƙirya ba.